Amsa ga mai neman tarihin Ikkilisiyar Lutheran ta Denmak

Ɗan'uwa, ka tambayi daga ina za ka kama tarihin ikkilisiyar Denmak, tunda daga can bishara ta iso Numan, ka kuma ce mai duba aikinka yana neman ya sauya maka batu. Tambayarka ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, domin ni ma haka aka yi mini. Malamin da aka haɗa ni da shi ya jefo mini takarduna a gaban ɗalibai, ya ce Denmak reshen Jamus ce kawai, wanda ya karanta Martin Luther, Bajamushen da ikkilisiyar Lutheran ta samo sunanta daga gare shi, ya gama da ita. Ko shafin farko bai buɗe ba, kuma har yau in na tuna dariyar da aka yi mini sai raina ya ɓaci, saboda na sha wuya kafin in tara abin da ya wulaƙanta.

Kada ka yarda a sauya maka. Ka fara daga 1536, lokacin da Sarki Christian na Uku ya kama bishop-bishop na Katolika ya ƙwace dukiyarsu, sannan a 1537 Johannes Bugenhagen, abokin aikin Luther, ya zo daga Wittenberg ta Jamus ya keɓe sababbin shugabannin ikkilisiya bakwai. Amma tun kafin nan Hans Tausen, wani mai wa'azi ɗan Denmak, yana wa'azin koyarwar Luther a garin Viborg, wato koyarwar ta fara shiga cikin jama'a tun kafin sarki ya mai da ita ta ƙasa. Littafi Mai Tsarki cikakke da harshensu ya fito a 1550.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne tsarin mulkin Denmak na 1849, wanda ya kira ikkilisiyar Lutheran ikkilisiyar jama'a, ya kuma ba da 'yancin addini. A wancan ƙarnin na 19 aka samu farkawar addini iri biyu, ta mabiyan wani fasto mai suna Grundtvig da ta Indre Mission, wato ƙungiyar bishara ta cikin gida, wadda Vilhelm Beck ya jagoranta daga 1861. Dakta Niels Brønnum da ya sauka Numan a 1913 ba gwamnati ce ta aiko shi ba, ƙungiyar masu sa kai ce, reshen Denmak na Sudan United Mission, kuma mutanenmu da yawa suna haɗa gwamnatin da ƙungiyar wuri ɗaya.

Ka kuma ajiye kwafin kowane babi kafin ka miƙa, domin nawa sai da aka ce ya ɓace a ofis. Ka gaggauta zuwa wurin dattawan Numan, tun waɗanda suka zauna da 'yan mishan suna raye.