Amsa ga mai tambaya kan dutsen washi na Japan da askar da ke jan gashi

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da dare. Na ji muryar da ƙanenmu ya turo tun la'asar, ina shago ne shi ya sa ban amsa ba sai yanzu. Ga wanda bai saurara ba, cewa ya yi an kawo masa dutsen washi na Japan, babba guda, da ƙanana farare uku da wani mai launin toka. Yana goga ƙaramin a kan babban har ruwan ya yi kauri, ya wasa askar ya wasa, amma da ya ɗora ta a gemu sai ta riƙa jan gashi, har gara yadda take kafin ya taɓa ta.

To ƙanena, ka kwantar da hankalinka, ba na jin dutsenka na da laifi. Kaurin nan ne ya ɓata maka aiki. Ni wannan ruwan da ke fita idan an goga dutse da dutse kunu nake ce masa, don haka yake. In ka dama shi da kauri, bakin aska yana tafiya ne yana karo da ƙwayoyin dutsen gaba da gaba. Gefen bakin zai yi sumul ka ga kamar aiki ya yi kyau, amma can ƙarshen kaifin, wurin da ido ba ya gani, ya dakushe. Shi ya sa take ja. Kunun da kake so shi ne wanda ya tsinke, kamar madarar da aka sirka da ruwa, kana hango fuskar dutsen ta ƙarƙashinsa.

Bari in faɗa maka abin da ke hannunka, don in ka san shi za ka fi iya bi da shi. Ƙananan nan sunansu nagura. Fararen daga Mikawa suke, a lardin Aichi na yanzu, kuma sunan kowanne sunan shimfiɗar dutsen da aka haƙo shi ne: botan, tenjo, mejiro, koma. Botan ya fi sauran ci, da shi ake farawa. Tenjo da mejiro suna tsakiya, wasu su gabatar da wannan wasu wancan, ba abin gardama ba ne. Koma shi ne mai tsada, saboda masu goge takubba a Japan ma suna nemansa, kuma tunda uku ka ce, mai yiwuwa shi ne ba ka da shi. Ba komai, ana aski mai daɗi ba tare da shi ba. Shi kuwa mai launin tokan, tomo nagura ke nan, wato ɓallin dutse irin babban ko mai kama da shi, shi ne na ƙarshe. Babban kuma daga tsaunukan arewa maso yammacin Kiyoto ake samun irinsa, wuraren haƙa irin su Nakayama da Ozuku da Shobudani da Ohira. Laka ce ta ƙasan teku da ta daskare tun kimanin shekara miliyan 250, kuma yawancin ramukan an daina haƙarsu. Saboda haka ka riƙe shi da daraja, ka gane.

Yanzu kafin ma mu je kan kunu, akwai tambayar da nake so ka amsa wa kanka. Askar nan ta samu baki kuwa? Nagura ba ya kafa baki, gyara wanda aka kafa yake yi. A dutsen washi na kamfani mai lamba 1000, wato lambar kaushinsa, ake wannan aikin. Ka shafa tawadar alƙalamin maka a gefen bakin duka ɓangarorin biyu, ka ja ta sau biyar ko shida a dutse, ka duba. Duk inda tawada ta rage, nan dutse bai taɓa ba. Sai ta aske gashin hannunka tun daga gindi har tsini, ba tare da ka danna ba, sannan ka matsa gaba. Wallahi mafi yawan masu kuka da dutsen Japan a nan suke tsallake, su kwana suna goga mejiro a kan askar da ba ta da baki.

Shi ma babban dutsen ka tabbatar fuskarsa a baje take. Ka zana layuka da fensir, ka goga shi a kan samfefar ruwa da ka shimfiɗa a gilashi, ko farantin daimon irin na kamfanin Atoma in kana da shi, har zanen ya goge gaba ɗaya. Ka rage kaifin gefunansa, haka ma kusurwoyin nagura, don kusurwa ɗaya in ta ɓalle ta shiga kunu za ta karce maka dutse ta kuma yi wa aska giɓi.

To sai aikin kansa. Ɗigon ruwa kaɗan, ka ɗauki botan ka zagaya da shi a hankali a duk fuskar dutsen, kada ka tsaya wuri ɗaya. In ya manne kada ka fizge shi sama, ka zame shi ta gefe. Kwantar da aska, bayanta da bakinta duka suna taɓa dutse, kada bayan ya ɗaga ko sau ɗaya. Da farko za ka ji ɗan ƙaras-ƙaras a yatsunka, har kunne yana ji. Ci gaba. Kunun zai fara rinewa ya koma toka-toka, ƙarfe ne yake fita. Can sai ka ji ƙarar ta ragu, tafiyar ta yi laushi kamar aska tana zamewa a kan man shanu. Wannan sauyin shi ne duk abin da ake nema a dutsen nan. Dutsen kamfani lambarsa ɗaya daga farko har ƙarshe, shi kuwa wannan kunun yana ƙara laushi kana aiki da shi. In ka wanke shi da wuri ka dama sabo, ka koma farko ke nan, kullum kana kan mai kaushi. Ni nakan ɗauki minti huɗu zuwa biyar a kowane nagura, amma ba agogo nake bi ba, yatsa nake bi.

Da ka gama da botan, ka wanke komai: dutse, aska, hannunka. Ƙwaya ɗaya ta botan in ta bi ka zuwa mejiro ta mayar da kai baya. Kuma duk nagura da ka ci gaba, ka rage nauyin hannu. A tomo nagura nauyin askar kawai ya isa, kunu ɗan kaɗan, kana ɗiga ruwa yana tsinkewa har ya kusa zama ruwa zalla. Wasu suna ƙarewa a ruwa zalla, amma dutse mai tauri sosai yakan kama aska ko ya karce ta in babu kunu sam. In ka ji tana mannewa, ka tsaya haka.

Af, kar in manta, tunda hunturu ya shigo. Iskar nan tana busar da kunu cikin ɗan lokaci, ka fara da tsinkakke ka waiwaya ka ga ya zama taɓo a gefen dutse. Ajiye kofin ruwa kusa, kana tsoma yatsa kana ɗigawa. Ina zargin ma wannan na cikin abin da ya same ka.

Daga nan sai fata. Ka goge aska ta bushe, ka ja ta a fata kamar sau 50, bayanta ne ke gaba, ba baki ba. Gwajin gaskiya kuma gemunka ne da ruwan ɗumi da sabulu.

Duwatsun kada ka jiƙa su a bokiti, kada mai ya taɓa su, kada ka shanya su a rana ko ka bar su cikin mota, tsagewa suke yi ta bin shimfiɗarsu. A inuwa za su bushe da kansu.

Sannan kafin ka baje fuskar babban, ka ɗauki hoton hatimin da ke jikinsa, don samfefa za ta share shi. Ka turo mana nan tare da na ƙananan. Hatimi ana buga na jabu, ba shi ne hujja ba, amma rubutun zai taimaka mu gane wanne ne botan wanne ne mejiro, don kada ka riƙa bin su a juye. Ka gwada gobe da tsinkakken kunu ka ba mu labari. Sai da safe.