Gogen Sinawa: izgar da ke tsakanin tsirkiya biyu

Ɗana, ka tambaye ni kan gogen Sinawan nan, erhu, da ka gani a bidiyo: wai izgar bakan maƙalewa ta yi tsakanin tsirkiyoyin ko kuwa da gangan ne? Da gangan ne. Haka mai haɗa shi yake ɗaura shi, kuma ko an gama kiɗa ba a raba bakan da gogen.

Tsirkiya biyu gare shi, dab da juna, ta ciki mai kauri, ta waje siririya. A da na zaren siliki ne, sai wajen tsakiyar ƙarni na 20 aka koma na ƙarfe. Tunda izgar dokin ratsawa ta yi ta tsakaninsu, fuskokinta biyu duk aiki suke yi, don haka kowace sai an goga mata ƙaro. In makaɗi na son tsirkiyar waje, sai ya ɗan tura sandar bakan, wadda ta gora ce, ta yi waje. In ta ciki yake so, sai ya sa yatsan tsakiya da na kusa da shi ya danno izgar wajen jikinsa. Bakan kuwa a kwance yake bisa ƙoƙon gogen, yana kai da kawowa. Ka ƙara kallon bidiyon, ka zuba wa yatsun hannun dama ido. Motsin bai taka kara ya karya ba, amma a nan gwanintar take, kuma a nan ne mu da muka saba da tsirkiya ɗaya za mu sha wuya.

Hannun hagu ba zai ba ka tsoro ba. Kamar a namu gogen, yatsa taɓa tsirkiya yake yi a sarari, ba ya danne ta a jikin sanda. Shi ya sa ake iya jan sauti ya zame daga wannan murya zuwa waccan. Akwai zare da ake naɗewa a sama ya riƙe tsirkiyoyin da sandar gogen, suna ce masa qianjin, daga nan tsawon da ke amo yake farawa. Wani malamin kiɗa, Liu Tianhua, wanda ya rasu a 1932, shi ya shigar da erhu makarantu, ya kuma rubuta kiɗe-kiɗen da sai hannun ya gangara ƙasa sosai don samo siraran muryoyi.

To, ga ɓangarenmu na masu haɗawa. Ƙoƙon erhu ba ƙwarya ba ne. Ɓallayen katako ne mai nauyi, yawanci ja, ake mannewa su zama ɗan akwati. Na biranen Suzhou da Shanghai kusurwa 6 gare su, na Beijing 8. Tsayin gogen duka wajen santimita 81, a kan cinyar hagu ake ɗora shi. Inda muke jan fatar guza ko damo, su fatar mesa suke ja, kuma tun 2005 hukumar Sin ta ce sai da takardar shaidar cewa mesar kiwatacciya ce.

Jan fatar nan shi ne aikin, sauran duk sassaƙa ce. In ta yi tauri da yawa, amon ya yi tsini, ya ƙi daɗi; in ta saki, ya dushe. Sabuwa ma ba ta kwanciya sai ta sha kiɗa na watanni. A tsakiyarta ake ɗora ɗan mitsitsin itacen da tsirkiyoyin ke hawa, a ƙarƙashinsa kuma a cusa ɗan ƙyalle ko soso tsakanin tsirkiya da fata. Kada ka raina wannan ƙyalle. In aka kawo maka erhu yana ƙara mai kaushi, fara duba shi da zaman ɗan itacen kafin ka taɓa fatar.