Abin da ya sa babu murjani a Kogin Kwara

Jiya muna ɗinkin taru a bakin ruwan Yawuri ka nuna min hoton masu nutso a Bahar Maliya cikin wayarka, ka ce, "Baba, in muka nutsa can ƙasa sosai, ba za mu tarar da irin waɗannan duwatsu masu launi ba?" Ba za mu tarar ba, ɗana, ko da mun kai gindin Kainji.

Abin da ka gani murjani ne, kuma rai gare shi. Wasu 'yan halittu ne ƙanana, kowacce tana gina wa kanta ɗaki da irin farin dutsen nan da ake yin siminti da shi a Kalambaina. In ta mutu wata ta ɗora nata a kai, a hankali har ya zama tsauni a ƙarƙashin teku. Na gaɓar Ostireliya ya miƙe har kilomita 2,300. Ruwan gishiri yake so, mai ɗumi, garau, domin akwai wata gansakuka a cikin jikinsa da ke ciyar da shi, ita kuwa sai da hasken rana. Dubi namu da damina, ja wur kamar kunun kanwa. Laka shaƙe shi take yi.

Iri-iri ne. Akwai mai rassa kamar ƙahon barewa, akwai dunƙulalle mai zane kamar ƙwaƙwalwa, akwai shimfiɗaɗɗe kamar faifai, wani kuma laushi gare shi, yana rangaji kamar shinkafa a fadama. Jan nan na tsakiyar iyayenmu mata daban ne, daga Bahar Rum fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. A kifayen da ke zama cikin murjani, wanda ya fi burge ni shi ne mai baki irin na aku: ya gwaguyi murjani, ya kasayar da farin yashi.

Amma ga inda nake so ka natsu. Mu nan hannu ne idonmu. Cikin duhu muke lalubo tarwaɗa a rami, in an yi rashin sa'a minjirya ta girgiza mutum ya saki. Can, wannan laluben zai iya kai ka kushewa. Akwai kifin da ke kwanciya tamkar dutse, dafin ƙayar bayansa yana kisa, akwai kuma murjanin da ke ƙuna kamar garwashi. Reshen da ka karya kuwa sai ya yi shekaru kafin ya koma, shi ya sa ba a taɓa komai.

Numfashi ma haka. Mu riƙewa muke yi har mu taso. Mai tulun iska a baya, in ya cika ƙirjinsa a zurfin mita 10 ya taso bai fesar ba, iskar ninkawa take yi, huhunsa ya yage.