Ga filin jirgi a Kano, me ya sa sai an je Abuja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana zai tafi karatu Landan, a Kano muke amma ejan ya ce wai sai dai ya tashi daga Abuja, alhali ni bara da na je Umara a nan filin Malam Aminu Kano na hau jirgi. Cutarmu zai yi ne ko kuwa? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro sa'a. Ba lallai cuta ba ce. Shi kamfanin jirgi inda zai cika kujerunsa yake bi, toh fasinjan Kano yawanci masu zuwa Saudiyya ne da 'yan kasuwan Dubai da Sin, shi ya sa kike ganin su Saudia da EgyptAir da Ethiopian, amma mai miƙewa Landan ba tsayawa irin British Airways sai Abuja da Legas, don can ne manyan kamfanoni da ofisoshin jakadanci suke, masu sayen kujerun gaba masu tsadar nan da kamfani ke cin riba da su. Ko a 2017 da aka rufe filin Abuja sati 6 don gyaran titin jirgi aka koma Kaduna, yawancin jiragen waje ƙin zuwa suka yi, Ethiopian ne ya amince.

Wallahi abin yana min ciwo, don Kano na cikin wuraren farko da jirgin sama ya sauka a ƙasar nan a 1925, kamfanin jirgin KLM na ƙasar Holland ma ya daɗe yana zuwa daga Amsterdam kafin ya janye a 2012.

Yanzu dai ki ce ejan ya kawo miki farashi biyu, na tashi daga Kano a canza jirgi a Alkahira ko Addis Ababa, da na Abuja. Shi na Abuja ki ɗora masa kuɗin zuwa da na otal da na awon kaya, sau da yawa anan arhar take gudu. In kuma jirgin gida zai bi zuwa Abuja ya tafi tun ana gobe, don in an yi dilé, wato jinkiri, ya rasa na waje ba ruwan kamfanin jirgin wajen tunda tikitin daban-daban ne.

Sannan ki duba tikitin da kyau, Landan ba fili ɗaya gare ta ba, LHR shi ne Heathrow, LGW kuma Gatwick, akwai tazara sosai tsakaninsu, ki faɗa wa mai tarbarsa wanne ne tun kafin ya tashi.