Tsiro da toho duk ɗaya ne?

Tambaya: Malam don Allah raba mu musu da ƙanwata, ni na ce tsiro da toho abu ɗaya ne ita ta ce a'a. Daga Gwale, Kano.

Amsa: Hajiya ƙanwarki ce da gaskiya. Tsiro shi ne wanda ya faso ƙasa daga iri, kamar gero bayan shuka, toho kuwa sabon ganye ne a jikin bishiyar da dama tana nan, irin wanda kuka ke yi da bazara. Amma fa tsiro ya fi yawo a bakin mutane, haƙori ya tsiro, gashi ya tsiro, ga basir mai tsiro, har a ce yaro ya tsiro da sabon hali. Wanda ya fito da kansa a gona ba a shuka ba kuma gyauro ne.