Kalma da Ma'anarta: Wa Ya Cancanci a Kira Shi Azzalumi?

Wani malamin makaranta daga Keita ya rubuto cewa ƙanensa yana cikin waɗanda aka koro daga Aljeriya, aka sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, suka taka kusan kilomita 15 cikin rairayi kafin su iso Assamaka, garin Nijar da ke kan iyaka. Da malamin ya ba da labarin a fada, wato majalisar shan shayi, sai wani ya ce ai kowace ƙasa da dokarta, shi kuwa ya ce masa azzalumi, mara imani, la'ananne. Yana tambaya ko ya wuce gona da iri.

Malam, kalmomi uku ka jefa masa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Azzalumi daga Larabci muka aro shi, kuma a bakin Bahaushe yana bukatar mai ƙarfi da wanda aka fi ƙarfi. Mutumin da ke zaune yana jiran shayi na biyu bai riƙe bindiga ba, bai tuƙa motar da ta zubar da mutane ba. Amma harshen bai sallame shi ba don wannan, tun da mun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, mun kuma ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, wato mai tafa wa zalunci yana da kasonsa a ciki. Abin da ban gani ba a wasiƙarka shi ne ainihin maganar da ya yi. Idan cewa ya yi ƙasa tana da ikon sanin wanda ke shigar mata, ra'ayi ne da ake jayayya a kai, kuma ka zalunce shi da ka kira shi azzalumi. Idan kuwa ka gaya masa cewa ana sauke mace da goyo a hamada ba ruwa, ya ce maganinsu ke nan, to kalmar ta same shi daidai, kuma ban ga dalilin sassauta ta ba.

Mara imani ita ce ta fi dacewa, ko da yake samarin yanzu sun ɗauka kafirtawa ce. Wanda ya ɗora wa jaki kayan da suka fi ƙarfinsa, yana dukansa a hawan dutse, shi ake ce wa ba shi da imani, alhali yana iya zama a sahun farko a masallaci. Rashin tausayi ake nufi. La'ananne kam ka janye ta, domin hukunci ce a kan rahamar Allah, wadda ba a hannunka take ba.

Wata baiwar Allah daga Yamai tana tambayar asalin baƙin haure. A nan zan ɗan tsaya, domin kalmar ta daɗe tana damuna. Da farko, masu rubutawa a Facebook ba ƙugiya suna cewa bakin haure, wanda ba abin da yake kawo mini a rai sai giwa. Baƙi ne, jam'in baƙo, haure kuwa daga haurawa, wato shiga gida ta kan katanga maimakon ta ƙofa. To, wa ke shiga gida ta katanga in ba ɓarawo ba? Sunan da kansa ya riga ya yanke hukunci kafin a saurari mutum, kuma gidajen rediyo sun maimaita shi har ya zauna a bakinmu. Mu a Adar da muka tashi muna ganin maza suna tafiya Abijan da Libiya bayan an ɗauke amfanin gona, bida muke cewa, ko cin rani, ba kuwa wanda ya taɓa jin kunyarsa. Mutane 92 da aka tsinci gawarwakinsu a arewa da Arlit a watan Oktoba na 2013, yawancinsu mata da yara daga Kance, ƙishirwa ce ta kashe su a hanyar bida, ba katangar kowa suka haura ba. Lokacin da Gana ta kori baƙi a 1969, da lokacin da Najeriya ta yi haka a 1983, har da namu aka kwaso, kuma ban taɓa jin dattijon da ya dawo a wancan zamani ya kira kansa da wannan suna ba. Wanda ke tsine wa masu goyon bayan kora, alhali yana ta amfani da kalmarsu, ya kamata ya saurari bakinsa.

Wani ɗalibi daga Madawa yana ganin saɓani tsakanin baƙonka annabinka da baƙo raɓa ne. Babu saɓani, ta farko tana umartar mai gida da girmamawa, ta biyu tana ba shi haƙuri cewa ɗawainiyar ba mai daɗewa ba ce.

Mai tambaya daga Ƙonni kuma, da ke son sanin bambancin ƙaura da gudun hijira, ƙaura sauya mazauni ce kawai, ko daga unguwa zuwa unguwa, gudun hijira kuwa sai da abin da ya koro mutum.