Tambaya da Amsa: Shin Wasan Allo na Tafiye-tafiye Ya Dace da Yaranmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Jamus ya kawo wa 'ya'yana tsarabar wani wasa mai suna Elfenland, wanda ya ƙunshi allo mai taswira da katuna masu yawa da hotunan dodanni. Mahaifinsu ya ce a ajiye shi tukuna, domin yana tsoron duk wani abu mai kati ya zama ƙofar caca, ni kuma ina neman abin da zai ɗauke hankalinsu daga waya a wannan hutun. Don Allah mene ne wannan wasa, kuma ya dace a bar su su yi?
Wata uwa daga Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Damuwar maigida tana kan hanya, domin duk wanda ya ga yadda wasan karta ya cinye wa wasu samari jari a bakin kasuwa ba zai ga kati a hannun ɗansa hankalinsa ya kwanta ba. Sai dai idan kuka buɗe kwalin kuka duba tare, za ku tarar ba a zuba kuɗi a wannan wasa, kuma babu ƙwayar da ake jefawa kamar ta lido. Wani Alan Moon ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Amigo na Jamus ya fitar da shi a 1998, a shekarar kuma ya ci kyautar Spiel des Jahres, wadda ita ce babbar lambar yabo ta wasannin iyali a ƙasar. Mutum 2 zuwa 6 ne suke yin sa, yana cin kimanin awa ɗaya, an kuma tsara shi ne domin 'yan shekara 10 zuwa sama.

Taswirar ta wata ƙasa ce ta almara mai garuruwa 20 ban da babban birninta, inda kowa yake tashi. Kowane ɗan wasa yana ajiye alamarsa a kowane gari, duk garin da ya isa sai ya ɗauke alamar, kuma a dokokin asali bayan zagaye huɗu wanda ya fi tara alamomi shi ne ya ci. Hanyoyin da suka haɗa garuruwan sun ratsa fili da kurmi da hamada da tsaunuka, abubuwan hawan kuma sun haɗa da dodo mai fiffike, da doki mai ƙaho ɗaya, da gajimare, da keke, da amalanken da wani dodo yake ja, da ƙaton aladen daji, sai kwalekwale a kan ruwa. Kowanne yana da inda yake da sauƙi da inda yake da tsada. Dodo mai fiffike yana ƙetare hamada da kati ɗaya amma sai da biyu yake ratsa kurmi, gajimare da keke ba sa shiga hamada sam, kwalekwale kuma yana bin ruwa da kati ɗaya, idan zai hau ruwan sai ya ci biyu.

Inda na fi ganin darajar wasan shi ne wajen ɗora alamomin hawa. Kafin kowa ya motsa, 'yan wasan suna bi da bi suna ɗora alamar abin hawa a kan hanyoyi, kowace hanya alama ɗaya tak take ɗauka, kuma duk wanda zai bi ta dole ya yi amfani da abin da aka ɗora, ko da abokin hamayyarsa ne ya ɗora shi. Yaro yana riƙe da kati 8 kawai a farkon zagaye, saboda haka sai ya lissafa garuruwa nawa za su kai shi, ya lura da inda yayarsa take son bi, ya kuma yanke shawara ko ya buɗe wa kansa hanya ko ya jira ya amfana da wadda wani ya buɗe. Idan aka ɗora masa abin hawan da ba shi da katinsa, yana iya ba da kowane kati uku ya wuce a ayari, wanda hakan yake rage masa guziri sosai. Wannan lissafi bai yi nisa da na madugan da suke jagorantar fatake daga Kano zuwa Gwanja sayen goro ba, waɗanda suke auna zango da ƙarfin jakuna da abin da ya rage a jaka kafin su ce a tashi. Kowane ɗan wasa yana kuma da alamar cikas guda ɗaya da zai iya ɗora wa hanya domin ƙara mata tsada, kuma a nan ne ƙannai suka fi yin fushi, don haka ya kamata a gaya musu tun farko cewa doka ce ta wasan.

Game da hotunan, halittu ne na tatsuniyoyin Turawa, matsayinsu ɗaya da dodon tatsuniyoyinmu na Gizo da Ƙoƙi, amma hukuncin ajiye irinsu a gida fage ne na malamai, kuma babu laifi maigida ya nuna wa malaminsa kwalin. Shawarata ita ce shi da kansa ya zauna a zagayen farko, a kafa sharaɗin cewa ba a sa ko sisi, kuma kiran salla yana tsayar da wasa. Ƙaramin da bai kai shekara 10 ba a haɗa shi da babba su riƙe katunan tare.

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce, muna son fara ƙungiyar wasannin ƙwaƙwalwa a makarantarmu. Ban da dara, an ba ni shawarar Elfenland ko Ticket to Ride. Wanne ya fi dacewa da 'yan aji biyar?
Wata malama daga Tarauni, Kano.

AMSA: Malama, mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro su duka biyun, Ticket to Ride kuma ya ci irin waccan kyauta a 2004. Shi wasan jiragen ƙasa ne a kan taswirar Arewacin Amurka, na mutum 2 zuwa 5, dokokinsa sun fi sauƙi, kuma hanyar da ɗan wasa ya kama ta zama tasa shi kaɗai. Da shi zan fara a aji biyar. Idan kuɗin ya yi yawa, ki sa yaran su zana taswirar jihar Kano a kan kwali, su haɗa Bichi da Wudil da Rano da Gwarzo da Ɗambatta da hanyoyi, su yanka katunan raƙumi da jaki da doki da kwalekwale, ki bar su su yi muhawara a kan kati nawa kowace hanya za ta ci.